Wa Zai Zaɓa Maka Aiki?

Kowace shekara, idan 'yan aji shida sun kusa fara jarrabawarsu ta ƙarshe, nakan ɗauki darasi guda in ajiye alli, in tambaye su ɗaya bayan ɗaya abin da kowa zai yi in ya bar mu. Amsoshin ba su cika sakewa ba. Wani ya ce, "Duk abin da Baba ya ce, Malam." Wata ta ce, "Abin da Allah ya kawo." Amma bara wani yaro ya ba ni amsar da ta tsaya mini a rai har yau. Na tambaye shi kwas ɗin da ya cike a JAMB, sai ya sosa ƙeya ya ce bai riƙe sunan ba, gama mai kwamfutar da ya yi masa rajista shi ya zaɓa masa, wai wannan ne ake saurin samu. Ku duba fa. Shekara 6 muna fama da yaron nan a aji. Iyayensa sun sayar da gero da awaki sun biya kuɗin makaranta. Sa'an nan mutumin da bai san ko sunan ƙauyensu ba ya zaɓa masa abin da zai yi shekara 4 yana karantawa, ya kuwa zaɓa cikin minti 2, don layi ya yi tsawo.

Shi ya sa bana na ga ya kamata in yi amfani da filin da aka ba ni a wannan littafi mu yi nazari a kan abu ɗaya: yaya mutum zai dogara ga hankalin da Allah ya ba shi sa'ad da yake neman aiki, da kuma bayan ya samu? Da ku ɗalibai nake magana, musamman masu fita. Amma na san littafin nan yakan kai gida, iyaye da dattawan ikkilisiya sukan karanta, don haka su ma na tanada musu 'yar magana a gaba.

Abin da manoman gyaɗa suka sani

Bari mu fara da kakanninmu, gama su ma an taɓa zaɓa musu aiki.

A 1902 masu masaƙu na Ingila suka kafa ƙungiya a birnin Manchester domin neman ƙasashen da za su noma musu auduga. Idonsu ya faɗa kan ƙasar Hausa, don sun daɗe suna jin labarin masaƙa da marinan Kano. Begen samun audugar nan yana cikin manyan dalilan da aka bayar na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Aka kafa injin gurzar auduga a Zariya, aka raba iri, aka yi ta kira ga talakawa su shuka. Masu mulki da masu kuɗi da masu ilimin zamani, bakinsu ya zo ɗaya a kan auduga.

Manoman ƙasar Kano suka shuka gyaɗa. Kafin zuwan dogo, gyaɗar da ake fitarwa daga Nijeriya duka ba ta cika wuce tan 2,000 a shekara ba. A 1913 ta kai wajen tan 19,000, har buhuna suka cika tashar Kano, jirgi ya kasa kwashewa a kan kari.

To, me ya sa? Ba gardama ce ta sa su ba, lissafi suka yi. Manomi ya san ƙasarsa. Tun daga kewayen birni har zuwa nan wajenmu, akasarin gonaki jigawa ce mai rairayi, irin wadda gyaɗa ke so. Ya san yana iya sa ta tsakanin gero da dawa ba tare da ya rage abincin gidansa ba. Ya san ba ta cinye ƙasa, tana ma gyara ta, ga harawa ta dabbobi da rani. Ya ga 'yan kasuwar da suka saba da fataucin goro sun shigo ƙauyuka suna sayen gyaɗa da daraja, domin Turai na neman mai na yin sabulu da man shafa wa burodi. Audugar da yake da ita kuwa, masaƙan gida suna biyansa fiye da abin da Bature ya yanka. Akwai kuma dalili ɗaya wanda a ganina ya fi sauran nauyi. In kasuwa ta faɗi, mai gyaɗa yana iya ci, matarsa ta yi mai da ƙuli-ƙuli ta sayar. Mai auduga fa? Ba wanda ya taɓa yin tuwo da ita.

Ku lura da abu biyu a nan. Turawan nan ba wawaye ba ne, sun yi karatu, suna da taswira da alƙaluma. Amma shawararsu ta fito ne daga bukatar masaƙunsu, ba daga rumbun manomi ba. Kowace shawara da za a ba ku a kan aiki tana da inda ta fito, ko da mai ba da ita yana ƙaunarku. Na biyu, manomin bai ƙi don yana jin kansa ba. Yana da wani sani wanda mai ba shi shawara ba shi da shi. Mai ɗaki, an ce, shi ya san inda yake masa yoyo. Amma sai mai ɗakin da ya ɗaga kai ya dubi rufinsa. Wanda bai taɓa dubawa ba, baƙo ma ya fi shi sani.

Labarin bai ƙare nan ba. Gyaɗar nan ta yi wa Kano suna. Alhassan Dantata, wanda ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja, ya shiga sayen gyaɗa gadan-gadan a 1918, har a 1929, da aka buɗe banki a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Dalar gyaɗa ta tsaya shekaru da yawa. Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, a 1975 kuma wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta nannaɗe ganyen gyaɗa a Arewa duka, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Dala ta ɓace. Mahaifina yakan ba mu labarin wani maƙwabcinsu da ya yi ta zuba gyaɗa a gonarsa duka shekara bayan shekara, yana cewa ita ya gada, har bashi ya ci rabin gonar. Hankalin da ya sa kaka ya kama gyaɗa, shi ne ya kamata ya sa jika ya rage ta. Yau wanda ya shiga kasuwar Dawanau zai ga riɗi da waken suya da zoɓo, zoɓon ma har ƙasar Meziko ake kai shi.

Lissafi kafin tafiya

Wani zai ce, "Malam, ni zuciyata ta ba ni in zama likita." Madalla. Amma zuciya takan ba mutum abubuwa da yawa, har da waɗanda ya gani a talabijin jiya da dare. Kafin in yarda cewa hankalinka ne ke magana, sai na tambaye ka makin da ka ci a kimiyyar sinadarai shekara 3 a jere, da kuma ko ka taɓa yini guda a asibiti ba don kana ciwo ba. Sha'awa ba ta zama hujja sai an gwada ta. Akwai wata tambaya kuma da nakan yi, wadda ɗalibai ke wa dariya: wane aiki ne mutanen gidanku sukan kira ka ka yi, ba su kira wanka ko ƙanenka ba? In rediyo ya lalace, wa ake nema? In za a kai akuya kasuwa, wa ake aika don ya iya ciniki? In ƙananan yara sun kasa aikin gida na makaranta, wajen wa suke zuwa? Mutanen gida sun daɗe da yi maka jarrabawa, ba su dai ba ka takardar sakamako ba.

Sai lissafin kuɗi, wanda yawancinku ba ku so. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 a wata. Da jin wannan adadi a ƙauye sai ido ya buɗe. Raba shi gida 30, za ka ga bai kai naira 2,400 a rana ba. Yanzu ɗauki takarda ka je wurin wani ɗan garinku da ke zaune a Kano, ka tambaye shi kuɗin hayar ɗaki ɗaya a unguwarsa, da kuɗin adaidaita sahu zuwa wurin aiki da dawowa, da abin da yake ci safe da dare, da kuɗin ruwa. Ka cire. Abin da ya rage shi ne albashinka na gaskiya. Kada kuma ka manta cewa shaguna da ƙananan kamfanoni da makarantu masu zaman kansu da yawa ba sa biyan ko wannan ɗin. Ban ce kada ku tafi birni ba. Wani aikin ƙaramin albashi ne amma makaranta ce: yaron da ya yi shekara 3 a Kantin Kwari yana buɗe ido, ko a kasuwar waya ta Farm Centre yana koyon gyara, yana iya fitowa da abin da ya fi albashi. Abin da nake so shi ne ka san wanne kake nema, kuɗi ko koyo. In aiki bai ba ka ko ɗaya daga cikin biyun nan ba, sunansa kawai kake ɗauka, ka zo gida da Kirsimeti a ce ma'aikaci ya zo.

Ku kuma riƙa duban abin da ke kusa da ku. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Kowa ya yi kuka, da gaskiyarsa. Amma masu noman rani, irin na wajen madatsar ruwan Watari a Bagwai da masu fadamu, da yawa suka fara neman injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, masu shaguna da masu cajin waya su ma haka. Wa zai kafa musu? Wa zai gyara in ya lalace? Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta koyon fasaha a Bichi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta. Sau nawa ɗalibi ya zo mini da kansa ya ce can yake so? Ina iya ƙirga su da yatsun hannu. Kowa jami'a, kowa kwas mai babban suna.

Inda kowa ya nufa

Ranar 15 ga Maris 2014 aka kira masu neman aikin hukumar shige da fice su taru a filayen wasa na ƙasar nan domin jarrabawa. Fiye da mutum 500,000 suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. A turmutsitsin da aka yi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 15 suka rasa ransu, har da mata masu ciki. Ban kawo wannan don in ga laifin waɗanda suka je ba. Rashi ne ya kai su, kuma neman aikin gwamnati ba laifi ba ne. Na kawo shi don ku ga alƙaluman: mutum fiye da 100 a kan kujera ɗaya. In ka ga talla irin wannan, ka cike, ka yi addu'a. Amma kada ka ajiye fartanya ko keken ɗinki ka zauna jiran suna ya fito. Na san samari a ƙauyukanmu da suka yi shekara 5 suna "jiran list".

Yanzu bari in faɗi nawa, ko da yake ba daɗin faɗa.

Da na gama NCE na zauna gida fiye da shekara guda ba aiki, ina taya mahaifina noma, ina jin kunyar haɗuwa da mutane a majami'a saboda tambayar "Yaya, har yanzu shiru?" Wata rana wani abokina ya zo da labarin wani mutum a Kano mai hanya a wata ma'aikatar gwamnati. Muka shiga mota muka tafi. Mutumin bai karɓe mu a ofis ba, a teburin mai shayi ya same mu, can gefen ginin. Yana da fara'a, ga babbar riga, ga jaka cike da takardu. Ya ce a ba da rabin kuɗi yanzu, rabi in takarda ta fito, kuma jibi za a rufe. Tun a wurin jikina ya ba ni. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba za mu ɗan shiga ciki mu ga ofishin ba?" Sai abokina ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin benci. Da muka fito ya ce ina so in ɓata mana, ai mutum 6 daga garinsu sun riga sun biya, ni na fi su wayo ne?

Wannan tambaya ce ta kayar da ni. Ni wane ne da zan fi mutum 6 wayo? Na koma gida na gaya wa Inna. Ba ta ce komai ba, ranar kasuwa ta ja tunkiyarta mai ciki ta sayar. Bayan mako 3 takarda ta fito, da hatimi da sa hannu. Na wanke rigata ɗaya mai kyau na tafi kama aiki. Akawun da na miƙa wa takardar ya dube ta, ya dube ni, ya jawo aljihun tebur ya nuna mini irinta a tare, sun fi 10. Ya ce, "Ɗan'uwa, yi haƙuri. Nawa ka ba shi?" Da na dawo gida da dare, Inna ta dubi fuskata kawai ta tashi ta kawo mini tuwo. Har ta rasu ba ta taɓa ambatar tunkiyar nan ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na sani. Na ga alamu duka: ba ofis, ba rasit, ga gaggawa. Hankalina ya yi aikinsa, ni ne na ce masa ya yi shiru saboda yawan mutane. Dole kuma in ƙara da cewa ko da takardar ta zama ta gaske, abin da na yi ba da toshiya ne, na nemi in sayi gurbin wani da ya fi ni cancanta. Wannan ma na sani a lokacin.

Irin wannan tarko bai tsufa ba, riga kawai yake sakewa. A ƙarshen 2016 MMM ta rufe da kuɗin mutane, a watan Afrilu na 2025 CBEX ta yi haka, kuma a duka biyun akwai malamai da ma'aikata masu digiri a cikin waɗanda suka zuba. Yanzu ta waya ake aiko tallar aiki, a WhatsApp da Facebook, wani a ce a Abuja, wani a ce a ƙasar waje ta hanyar Agadas. Duk wanda ya ce ka biya kafin a ɗauke ka, ko ya ce kada ka gaya wa kowa, ko ya ce yau ne kaɗai, ka ja da baya, ko da duk 'yan ajinku sun shiga.

In Baba ya ce wani abu dabam

A nan ne maganar take da wuya, kuma ba na so wani ya kai gida cewa Malam ya ce a daina jin maganar iyaye. An umarce mu mu girmama su. Gaskiya ne kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Baba ya san yunwa, ya san bashi, ya san halin mutane, ku ba ku sani ba tukuna. Amma akwai abin da yaro yake gani wanda babba ba ya gani, watau abin da ke cikin ran yaron da abin da hannunsa ya iya.

Kun san labarin Dawuda a 1 Sama'ila sura 17. Sa'ad da zai fita wurin Goliyat, sarki Saul ya sa masa sulkensa da kwalkwalinsa, ya ba shi takobi. Da kyakkyawar niyya ya yi, kayan da ya fi amincewa da su ya bayar. Abin da ɗalibai sukan tsallake shi ne Dawuda bai ƙi tun daga nesa ba. Ya sa kayan, ya gwada tafiya da su, sa'an nan ya tuɓe, ya faɗi dalilinsa, cewa bai saba da su ba. Kafin wannan ma ya riga ya kawo wa sarki shaidar abin da ya taɓa yi da zaki da beyar a wurin kiwo. Majajjawar da ya ɗauka kuwa ba ranar ya fara riƙe ta ba.

Wata tsohuwar ɗalibarmu ta bi wannan hanya, ban kuwa taɓa ganin wanda ya bi ta da kyau kamarta ba. Mahaifinta ya ƙudura sai ta zama nas. Ita kuwa lissafi take so. Ba ta yi musu ba. Da dogon hutu ya zo ta roƙa aka bar ta tana taimakawa a wani ƙaramin asibiti, ta yi mako 3. Sa'an nan ta tafi wurin gwaggonta ta faɗa mata komai, suka zo tare da yamma bayan an ci abinci. Ta durƙusa ta ce, "Baba, na je na gwada kamar yadda kake so. Duk ranar da aka kawo mai rauni sai jiri ya ɗebe ni, sau 2 ana fitar da ni waje. Ina tsoro kada wata rana in cuci mara lafiya. Amma lissafi, tun daga aji ɗaya ban taɓa faɗuwa ba, ga takarduna. In ka yarda in karanta shi in koyar. In na yi shekara guda ban ci ba, duk abin da ka ce shi zan yi." Gwaggon ta ce, "Yaya, ka dai duba. Yarinyar nan ba ta taɓa yi maka gardama ba." Dattijon bai amsa ba sai bayan kwana 2. Ya kira ta ya ce, "To, 'yar nan, Allah ya sa albarka. Amma ki sani na so in gan ki cikin fararen kaya." Yau tana koyar da lissafi, kuma duk wanda ya san yadda makarantun karkara ke neman malamar lissafi ido rufe ya san ba ta yi zaɓen banza ba.

Ba kowane uba ne zai sauko haka ba, kada in ruɗe ku. In ka kawo hujja cikin ladabi, ka sa baffa ko kawu ko fasto sun sa baki, aka ce a'a, kuma su ne masu biyan kuɗin, to ka bi, ka yi karatun da zuciya ɗaya, ka riƙe abin da kake so a gefe kada ya mutu. Shekara 18 ba ƙarshen rai ba ne. Ku kuma iyaye, roƙona ɗaya ne. Kafin ku yanke, ku tambayi yaron dalilinsa, ku bari ya kai ƙarshen maganarsa. Wani lokaci aikin da muke tura 'ya'yanmu shi ne wanda mu muka so muka rasa.

Bayan an samu aikin

Samun aiki ba ya kawo ƙarshen zaɓe. Wata rana za ka tsaya tsakanin zama da tashi, kuma mutanen da za su ba ka shawara rabi za su ce ka zauna, rabi su ce ka tashi.

Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kamarmu. Ya koyar a Bauchi, ya yi karatu a Landan, yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru sa'ad da ya ajiye aiki a 1950, yana da shekara 30, ya shiga siyasar NEPU. A zamanin da 'yan Arewa masu irin iliminsa ba su da yawa, barin albashin gwamnati ba ƙaramin abu ba ne. Ban kawo shi don siyasarsa ba, kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Na kawo shi don ku ga tsadar abin. Ya sha faɗuwa zaɓe, magoya bayansa sun sha ɗauri da duka, bai shiga majalisar wakilai ta tarayya ba sai 1959. Shekara 9 ke nan. Masu ba da labarin waɗanda suka bar aiki suka yi suna sukan tsallake shekarun tsakiya, kuma ba wanda yake ba da labarin waɗanda suka bari suka yi da na sani. In za ka tashi, ka san abin da za ka ci a shekarun tsakiyar nan, ka kuma tabbata wani abu kake nufa, ba fushi da shugabanka ne kawai ya kore ka ba.

Yawancinmu ba tashi za mu yi ba, a inda muke za mu girma, kuma nan ma sai da hankalin kai. Da na fara koyarwa na tarar da dattawan malamai masu shaidar Grade II, waɗanda suka fi ni iya riƙe aji nesa ba kusa ba. Tun da daɗewa gwamnati ta sanar cewa NCE ce za ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ga kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, tana ba da karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu. Waɗansu suka shiga, abokansu na yi musu ba'a wai tsofai-tsofai da su sun koma ɗaukar jaka. Waɗansu suka ce magana ce kawai ta gwamnati, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Na ga malamin da ya koya wa mutum karatu, mutumin ya dawo ya zama shugabansa, ba don ya fi shi iyawa ba, sai don takarda. Yau kuma ana neman rajistar TRCN da sanin kwamfuta, masu NCE irina muna jin iskar digiri tana kaɗawa. Ba wanda zai zo ya kama hannunka ya ce lokaci ya yi. Masu zama tare da kai a ɗakin malamai ma wani lokaci sun fi so ku zauna tare.

Wani ƙaramin abu kuma, tun da muna kan maganar. Daga ranar da aka ɗauke ka aiki, ka sayi fayil naka na kanka. Takardar ɗauka, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, ta canjin wurin aiki, kowace ka yi hotonta ka ajiye a gida inda gara ba za ta kai ba. Ranar tantance ma'aikata, ko ranar ritaya, za ka ga manya suna kuka a kan takarda guda. Kada kuma ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba, ko wanda ka karanta ka ga ba haka yake ba, ko da wanda ya miƙo maka ya ce kowa ya sa. Sunanka ne zai zauna a wurin bayan shi an yi masa canji.

Aikin hutu

Ga abin da nake so kowane ɗan aji biyar da aji shida ya yi a wannan hutu. Ka zaɓi aikin da kake ganin kana so. Ka nemi mutum 2: ɗaya wanda ya yi shekara 10 ko fiye yana yinsa, ɗaya kuma wanda ya fara ya bari. Na biyun ya fi wuyar samu, amma kada ka tsallake shi. Ka gaishe su yadda ya kamata, ka tambaye su abin da suka samu a shekararsu ta fari, da ranar da ta fi musu wuya, da abin da suka so a ce sun koya tun suna makaranta. In an yarda maka, ka yini guda a wurin aikin, kana kallo kana taimakawa. Sa'an nan ka rubuta shafi ɗaya, da Hausa ko da Turanci, ka faɗi ko har yanzu kana so, da dalilinka.

'Yan aji biyar su kawo mini nasu a makon farko na sabon zango. Ku masu fita, ku karanta wa iyayenku naku tukuna. Wanda ya zo karɓar sakamakonsa yana iya biyowa da shi ɗakin malamai, teburina shi ne na kusa da taga.